Wa zai iya cire wa Pogacar rigar ɗorawa? Fashin baƙi kan tseren keken Tour de France

Wai shin akwai mahaluƙin da zai iya kayar da Tadej Pogacar a Tour de France yanzu, ko kuwa sauran duk na biyu suke zuwa nema? Tun da yaron nan ɗan Siloveniya ya ci gasar karo na huɗu a Yulin 2025, ya kuma sauka Kigali a Satumba ya sake ɗaukar kambun duniya, gardamar da masu bin tseren keke ke yi kenan. Mu a nan da yawa ba su waiwayi wasan ba sai a 2024 da Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango uku ya koma gida da koriyar riga, sai ka ji wani na cewa ai ɗan Afirka ya cinye Tour, wani kuma na cewa wariya aka yi masa, in ba haka ba ta yaya mutum zai zo na ɗaya har sau uku a hana shi kofi. Ba wariya ba ce, lissafin wasan ne ba a gane ba, kuma matuƙar ba a gane shi ba to duk kwatancen da za a yi tsakanin mahayan nan shaci-faɗi ne kawai.

Me ake nufi da cin Tour tukuna?

Tun 1903 ake wannan tsere. Sati uku ne, zango 21 da hutun kwana biyu a tsakani, tafiyar da kan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kowace rana tsere ne mai zaman kansa da gwaninsa, amma babban kofi ba ruwansa da sau nawa ka zo na ɗaya, agogo ake dubawa. Lokacin da ka ci jiya a haɗa da na yau a haɗa da na gobe, wanda jimillarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sa riga ruwan ɗorawa, in ya kai ƙarshe da ita a jikinsa shi kenan ya ci.

Shi ya sa Mark Cavendish na Birtaniya, wanda ya ci zango 35, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa, bai taɓa ko jin ƙamshin babban kofin ba, amma Chris Froome ya ci Tour na 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba, haka ma Egan Bernal na Kolombiya a 2019. Su Cavendish da Girmay gwanayen gudun ƙarshe ne, ranar da hanya ta miƙe ba tudu su ke tashi kamar harsashi a mita ɗari biyun ƙarshe, amma duk waɗanda suka iso cikin ayari ɗaya lokaci guda ake rubuta musu, na ɗaya dai a rage masa sakan 10, na biyu 6, na uku 4, to sakan goma me zai yi maka in ranar hawan dutse za ka iso bayan rabin awa? Koriyar riga ta maki ce, gasa ce daban, kuma abin da Girmay ya yi babban abu ne wallahi, sai dai ba shi muke aunawa yau ba.

A cikin mahaya 184 da suka tashi a 2025, waɗanda da gaske suke da damar cin jimilla ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Iska, da dalilin da mutum ba ya ci shi kaɗai

Duk wanda ya taɓa taka keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda ake ji kamar an dafe maka ƙirji ana tura ka baya. To su waɗannan da ke tafiyar kilomita 40 zuwa 50 a awa kullum haka suke, yawancin ƙarfinsu a faɗa da iska yake tafiya, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Daga nan duk dabarar wasan ta samo asali.

Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa, ɗaya madugu, bakwai 'yan hidima. Aikinsu su sha iska a madadinsa. Za ka ga ɗaya ya zame baya wajen motar koci, ya cusa gorunan ruwa shida bakwai a cikin rigarsa ta wuya da ta baya har ya yi ƙusumbi, ya sake taka feda ya ratsa mutum ɗari ya zo yana miƙa wa 'yan uwansa, in tayar madugu ta yi faci a mugun wuri ya sauka ya ba shi nasa keken ya tsaya bakin titi yana jiran mota. A kan dutse kuma su jeru gaba, wannan ya ja har ƙarfinsa ya ƙare ya kauce gefe kamar zai faɗi, na bayansa ya karɓa, har a rage madugu shi kaɗai da abokin hamayyarsa. Ladan wanda ya ci Yuro 500,000 ne, kuma al'ada ita ce a raba wa 'yan ƙungiya har da ma'aikata, don kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina ake samun tazarar?

Wuri biyu ne manya. Na farko dogon hawa a tsaunukan Alps da Pyrenees, inda gudu ke raguwa, laɓewa a bayan wani ta rage amfani, nauyin jiki ya fara magana. Abin da ake aunawa a nan shi ne ƙarfin da ƙafa ke fitarwa a raba da nauyin mutum, manyan suna iya riƙe sama da wat 6 a kowane kilo na jikinsu har rabin awa ko fiye, shi ya sa za ka gan su a rame kamar masu jinya. Jonas Vingegaard, abokin hamayyar Pogacar, wajen kilo 60 ne, Pogacar ya ɗara shi da kamar kilo shida. Keken ma doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8.

Na biyu tseren agogo, inda ake sakin mutum ɗaya-ɗaya, ba ayari ba ɗan hidima, daga kai sai hanya. A irinsa ne Greg LeMond ya ƙwace Tour na 1989 daga hannun Laurent Fignon a ranar ƙarshe da sakan 8 kacal, bayan sati uku ana tafiya.

Sauran ranakun ba a cika samun riba a cikinsu ba, asara dai ake yi, iskar gefe ta tsinka ayari kana baya, ko a yi karo a kwana a zube.

Pogacar: me ya sa kowa ke sa shi gaba

An haife shi a Satumbar 1998, kenan yana tsakiyar ƙarfinsa. Tour ɗinsa na farko a 2020 ya shiga tseren agogo na ranar kusa da ƙarshe a La Planche des Belles Filles ɗan ƙasarsu Primoz Roglic na gabansa da sakan 57, ya fito yana gaba da sakan 59, yana ɗan shekara 21. Ya maimaita a 2021, ya zo na biyu sau biyu, sannan ya dawo a 2024 kamar wani sabon mutum: ya ci Giro na Italiya, shi ma tseren sati uku ne irin Tour, ya zo ya ci Tour da tazarar minti 6 da sakan 17, haɗin da rabon da a ga wani ya yi tun Marco Pantani a 1998. A 2025 tazarar minti 4 da sakan 24 ce, kuma kusan rabinta a rana guda ya samo ta a hawan Hautacam, inda ya taka ya tafi tun ƙasan dutsen ya bar Vingegaard da fiye da minti biyu.

Abin da ya sa yake da wuyar sha'ani shi ne ba shi da ɓangaren da za ka ce nan ne rauninsa. Yana hawa, yana tseren agogo, yana da gudun ƙarshe da zai kwashe sakannin garaɓasa, yana iya hanyar tsakuwa da ruwan sama. Zango 21 ya ci a Tour zuwa 2025. Ƙungiyarsa UAE Team Emirates kuma tana da kuɗin da take ɗaukar mutanen da a wani wuri su ne madugai ta mayar da su 'yan hidimarsa, irin su Joao Almeida da Adam Yates. In ya ƙara ɗaya ya shiga sahun Anquetil da Merckx da Hinault da Indurain masu biyar-biyar.

Sau biyun da aka kayar da shi

Nan ne ya kamata mai kwatance ya tsaya ya duba da kyau, don mutum ɗaya ne tak ya taɓa doke shi a Tour, Vingegaard ɗan Denmak, wanda kafin ya zama ƙwararre a kamfanin sarrafa kifi yake aiki da safe ya hau keke da yamma. Shekara biyar a jere, 2021 zuwa 2025, su biyun nan ne na ɗaya da na biyu.

A 2022, zango na 11, ƙungiyar Jumbo-Visma ta yi masa taron dangi. Suna da madugai biyu, Roglic da Vingegaard, tun ana saura kilomita da yawa a hanyar Galibier wannan ya ruga Pogacar ya bi shi, da ya kamo shi sai ɗayan ya ruga, ya sake bi, haka suka yi ta yi masa cikin zafin rana, shi kuma da ƙuruciya da jin ƙarfi bai bar ko ɗaya ya tafi ba, 'yan hidimarsa duk sun zube a baya. Da aka zo hawan ƙarshe na Col du Granon, mai tsayin sama da mita 2,400 inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, mai ya ƙare masa. Za ka gan shi rigar ɗorawa a buɗe har ciki, kai na rangaji, mutanen da bai saba ganin bayansu ba suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Kusan minti uku ya bari a wurin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A 2023 kuma ya karye a wuyan hannu a watan Afrilu a tseren Liege, shirinsa ya lalace, duk da haka sati biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar sakan 10. Sai tseren agogo na Combloux, kilomita 22 da ɗoriya, Vingegaard ya ba shi minti 1 da sakan 38, washegari a Col de la Loze ya ƙarasa rushewa har aka ji shi a rediyon ƙungiya yana ce wa mutanensa shi kam ya gama, ya mutu. An tashi da tazarar minti 7 da sakan 29.

To ka ga abin da ya haɗa ranakun nan: doguwar rana mai hawa bayan hawa, tsayi sama da mita 2,000, zafi, ƙungiyar da ta fi tasa, ga gajiyar kwanaki ta taru. Magoya bayan Vingegaard a kan wannan suke tsaye, kuma suna da ƙarin hujja, don a Afrilun 2024 ya yi mummunar faɗuwa a tseren yankin Basque na Sifaniya, ya karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da haƙarƙari huhunsa ya huje, wata uku bayan nan ya zo Tour ya yi na biyu har ya ci Pogacar a zango na 11 ya fashe da kuka. Suna cewa ba a yi adalci ba in aka auna shi da wannan shekarar.

Na yarda da su a kan 2024. Amma 2025 fa? Lafiyarsa ƙalau ya zo, ƙungiyarsa Visma cike take, Almeida ya faɗi ya bar gasar tun sati na farko ya bar Pogacar da giɓi. Sun gwada tsohuwar dabarar a Mont Ventoux, Vingegaard ya ruga ya sake rugawa, sun gwada a hanyar Col de la Loze ɗin nan dai, Pogacar na manne da tayarsa ko gezau. Bayan kayen 2023 Pogacar ya canza koci, ya koyi atisaye cikin zafi, ya gyara cin abincinsa a kan keke, sannan ya rage bin duk wanda ya motsa. Ƙofar da aka shiga ta cikinta sau biyu ya toshe ta, ni a ganina wannan ya fi duk wata ƙididdiga nauyi. Vingegaard ya je ya ci Vuelta, tseren sati uku na Sifaniya, a 2025, wanda ke nuna in ba Pogacar a wuri ba shi da na biyu, gaba dai da gabanta.

Evenepoel da sauran

Remco Evenepoel ɗan Beljiyam, haihuwar 2000, tsohon ɗan ƙwallo ne a makarantar yara ta Anderlecht da PSV. A tseren agogo kan miƙaƙƙiyar hanya ba kamarsa a duniya, zinare biyu ya ɗauka a Olamfik na Paris, a Kigali ma sai da ya kamo Pogacar da aka saka kafin shi ya wuce shi. Ya ci Vuelta a 2022. Matsalarsa dogon dutse ne, in manyan biyu suka taka yakan koma tafiyarsa shi kaɗai yana rage asara. A 2024 ya zo na uku da fiye da minti tara, a 2025 ya sauka daga keke a hawan Tourmalet a zango na 14, bayan hunturun da ya yi yana jinyar karon da ya yi da ƙofar motar gidan waya. Minti ɗaya da zai samu a agogo ba ya biyan biyar da zai bari a Alps. Komawarsa Red Bull-Bora-Hansgrohe za ta ba shi 'yan hidimar da bai taɓa samu ba, sai dai a can zai tarar da Florian Lipowitz ɗan Jamus da ya zo na uku a 2025, kuma madugu biyu a ayari ɗaya ko dai ya zama irin tarkon Granon ko ya zama rigima.

Roglic kam ina jin tausayinsa, Vuelta huɗu da Giro ɗaya, amma Tour ta ƙi shi, faɗuwa ta fitar da shi a 2021 da 2022 da 2024, ga shi haihuwar 1989. Yara masu tasowa akwai Isaac del Toro na Meziko da ya zo na biyu a Giro 2025, amma shi yaron gidan Pogacar ne, sai Paul Seixas da Faransawa suka ɗora wa buri don rabon da ɗan ƙasarsu ya ci tun Hinault a 1985. Haihuwar 2006 ne, a bar yaro ya girma.

Abin da ba ya shiga lissafi

Duk wannan bayanin kwana ɗaya ta gangara na iya share shi. Faɗuwar Basque ɗin nan mutum uku ta kwasa lokaci guda, Vingegaard da Evenepoel da Roglic. Pogacar kansa ya zube a kusa da Toulouse a 2025 ana saura 'yan kilomita, ya goge jikinsa a kwalta, abokan hamayyarsa suka rage gudu suka jira shi, da ƙashi ne ya karye da yanzu wani labarin ake. Ga mura da ciwon ciki da ke yawo a otal-otal, jikin da ba kitse kuwa ba ya jure ko ƙaramin zazzaɓi. Gaskiya babban abokin hamayyar Pogacar a yanzu kwalta ce, sannan Vingegaard.

Akwai kuma maganar ƙwayoyin ƙara kuzari, wadda ba zan tsallake ba. Lance Armstrong ya ci bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005 aka ƙwace su duka a 2012, don haka wanda ya ga ana karya tarihin gudun hawa na wancan zamanin ya yi tambaya bai yi laifi ba. Amsar da ƙungiyoyi ke bayarwa ita ce kekuna sun fi sulɓi a iska, abinci ya canza, ana zaman makonni a kan tsauni kafin gasa. Pogacar da Vingegaard ba wanda aka taɓa kamawa a gwaji, zargi kuma ba hujja ba ne.

Lambobin 'yan caca da mai kallo na gida

Yawancin abin da ake yaɗawa da sunan damar cin wane da wane daga kamfanonin caca yake fitowa, kuma matasanmu na ganin lambobin a waya. Misali in aka sa wa mutum 1.4, ma'anarsa suna ganin kamar kashi 70 cikin ɗari zai ci, in aka sa 10 kashi goma kenan, amma in ka tara na kowa za ka ga ya haura ɗari, wannan rarar ita ce ribar kamfani, kai ne kake biyan ta ko wa ya ci. Lambar kuma tana bin inda jama'a suka zuba kuɗi ne, ba wani gaibu suka sani ba. Ban da haramcin caca da muka sani, ko a lissafi asara ce, ina roƙon ƙannenmu su kalli wasan don daɗinsa.

Wanda abin ya fi shafa a nahiyarmu shi ne yaron Asmara ko Kigali ko Wagadugu da ke hawa Tour du Faso yana mafarkin Faransa. Ƙafa akwai, tsaunuka akwai a gabashin Afirka, abin da babu shi ne kuɗin da ke tara mutum bakwai su sha wa ɗaya iska, da biza, da shekarun koyon tafiya cikin ayarin Turai tun ana yaro. Froome a Nairobi aka haife shi amma da tutar Birtaniya da kuɗin ƙungiyar Sky ya ci huɗunsa.

Hanyar 2026 wa ta fi yi wa daɗi?

Daga Basalona za a tashi ranar 4 ga Yuli da tseren agogo na ƙungiya, na mutum ɗaya kuwa guda ne kuma gajere, wannan ba labari mai daɗi ba ne ga Evenepoel. An tara wahalar a ƙarshe, a tsaunin Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21 za a ƙare kwana biyu a jere, zango na 19 da na 20, ranar ta biyu da Galibier a hanya. In akwai tsarin da zai ba Vingegaard dama to wannan ne, sati na uku, tsayi, gajiya, amma da sharaɗin ya iso wurin tazarar ba ta wuce minti ɗaya ba, abin da ya gagare shi a 2025 tun tseren agogo na Caen inda ya bar fiye da minti guda a zango na biyar.

Ni dai in za a yi wannan tsere sau goma da mutanen nan yadda suke, Pogacar zan ba bakwai, Vingegaard biyu, ɗayan da ya rage Evenepoel da Lipowitz da duk sauran su raba, kuma a cikin ukun da Pogacar zai rasa ina ganin biyu faɗuwa ce ko ciwo za su jawo, ɗaya ne kawai za a fi ƙarfinsa a kan dutse ido na ganin ido.